Yanda na fita daga bashin manhajoji bakwai

Na daɗe ina son rubuta wannan abun amma kunya take hanani. Yanzu da Allah Ya sa na gama biya naga gara in faɗa, dan nasan akwai mutane da yawa da suke kwana da waya a kife, in ta yi ƙara gabansu ya faɗi, kuma ko matansu basu san halin da suke ciki ba. Haka na yi kusan wata huɗu.

Ni malamin firamare ne a wata makarantar kuɗi anan Kano. A 2023 albashina dubu 45 ne, sai ɗan lesin da nake yiwa yaran wani gida da yamma ana bani dubu 10. Da haka muke lallaɓawa ni da matata da 'yarmu ɗaya, ba yabo ba fallasa. Sai ranar 29 ga Mayu Tinubu yace tallafin mai ya tafi, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta koma 500 da ɗoriya, kafin Yuli ta ƙare ta haura 600, man dubu ɗaya da yake kaini makaranta kwana huɗu a mashin ya koma da ƙyar yake kwana biyu, kayan masarufi kuma kowa ya san yanda suka bi. Ba wai tsadar rayuwa nake ɗora wa laifin ba, dan abokan aikina albashinmu ɗaya kuma basu faɗa ramin da na faɗa ba, ina dai so a san a wane hali abun ya sameni.

A watan Yuli, sati biyu bayan babbar sallah, matata ta haihu, namiji. Dubu 40 ce a hannuna. Yayana, wanda shine a matsayin uba gareni tun rasuwar Baba, yace in nemi ɗan madaidaicin abun yanka a raɗa suna a masallaci da asuba a raba dabino da goro kowa ya kama gabansa. Zuciyata ta ƙi. Ina tunanin dangin matata, ina tunanin sunan da maƙocina ya yi wata biyu baya da rumfa da kujeru har layi ya toshe. Wallahi babu wanda ya buɗe baki yace min sai na yi kaza, ni na ɗora wa kaina. Ragon da idona ya hau a kara dubu 68 ne, ga atamfar fitar suna ga shinkafa ga lemo.

Daren nan ina kwance ina duba Facebook sai ga tallar wata manhajar bashi. Na sauke. Suka nemi BVN, suka nemi lambar katin ATM ɗina, suka ce in ɗauki hoton fuskata ina riƙe da katin ɗan ƙasa, in sa lambar mutum biyu na kusa dani. Ko minti goma ba'a yi ba naji alat, dubu 30, in biya 36,500 bayan kwana 30. Abun da ya kamani kenan, ban je gaban kowa na sunkuyar da kai ba, ban ji an ce min "ayya da jiya ka zo" ba, babu wanda ya sani. Aka yi suna aka ci aka sha aka yi ta sam barka.

Da albashin Yuli na biya su cif, a take suka ɗaga min zuwa dubu 60. Sai dogon hutu ya shigo, makarantarmu kuma irin wadda in an yi hutun Agusta babu albashi, kuma na san da haka tun farko. Na ci dubu 60 ɗin na cika kuɗin haya na sayi abinci. Ranar biya ta zo babu ko sisi, sai na sauke ta biyu na ci na biya ta farko, ina biya na sake ci a take dan in samu na cefane. Daga nan lissafi ya fara kuɓuce min. Da na yi latti sau ɗaya waɗannan biyun suka daina ƙara min, sai saƙonni suka fara shigo min ta tes da WhatsApp daga wasu da ban taɓa jin sunansu ba, wai an amince min da bashi in danna linki kawai. Su waɗannan basa Play Store, kai tsaye suke sauka a waya, kuma kafin su buɗe sai ka basu izinin shiga lambobin wayarka da hotuna da saƙonni. Na danna na yarda ban ko karanta ba. Daga baya na gane dalili, tun ƙarshen Mayu 2023 Google ya hana manhajojin bashi da suke Play Store taɓa lambobin mutane da hotunansu, shi yasa waɗannan suke zagayowa ta linki.

Tsarinsu kuwa, ka nemi dubu 20, dubu 14 ce zata shigo maka, sun cire nasu tun a sama, bayan kwana bakwai ka biya dubu 20 cif. In ka zauna ka buga, ruwan ya kusa kashi 43 cikin ɗari a sati ɗaya tak. Ni da nake koya wa yara lissafi ban taɓa zama na buga ba, dan bana so in gani. In ka wuce ranar kuma kullum akwai tarar da take hawa.

Sai caca. Wannan ne ɓangaren da yafi yi min nauyin faɗa. Da aka dawo gasar Firimiya a Agusta ina zuwa gidan kallo, wani yaro ya nuna min yanda ake haɗa tikiti a waya, na sa naira 500 dan gwaji naci dubu 38. Da ma ban ci ba. Tun daga ranar sai shaiɗan ya kafa min lissafin cewa tikiti ɗaya mai kyau zai share min duka bashin in huta babu wanda ya ji. Ranar Asabar 30 ga Satumba na ci bashin dubu 20, dubu 14 ta shigo, na zuba ta gaba ɗaya a tikiti mai wasa shida da zai bani sama da dubu 120. Biyar suka shigo. Na shidan shine wanda ko tunaninshi ban yi ba, Manchester City a gidan Wolves, aka ci City 2 da 1. Ina zaune a kan bencin gidan kallo mutane suna ta ihu, ni gumi ne kawai yake keto min, ko la'asar ban tashi na yi ba sai da aka tashi wasa. A satin ne na taɓa dubu 30 ɗin adashin matata da ta ɗauka ta bani in ajiye mata a akawun zata sayi keken ɗinki na hannu.

Oktoba gaba ɗaya a kashe wuta na yi ta, in ci nan in toshe can. Kira kuwa tun ana gobe ranar biya suke farawa, lambobi kala kala, da farko da ladabi, daga baya zagi har da iyaye. Na mayar da wayar sailent, in na shiga gida in kife ta ƙarƙashin filo. Matata tana ta tambaya ko lafiya na rame bana cin abinci, ince mata aikin makaranta ne.

Wata Laraba a farkon Nuwamba ina aji huɗu aka ce hedimasta yana kirana. Ya rufe ƙofa ya miƙo min wayarshi bai ce komai ba. Hotona ne, wanda na ɗauka ina riƙe da katin ɗan ƙasa, an rubuta da jan rubutu da Turanci wai ni ɓarawo ne ɗan damfara ana nemana, wai kuma shi na bayar a matsayin mai tsaya min. Naji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin azahar saƙon ya je wa iyayen yaran da nake koyarwa, ya je wa limamin unguwarmu, ya je wa surukina. Shi dattijo ne baya karanta boko, jikanshi ya ba ya karanta mishi a gaban mutane a ƙofar gida. Bai kirani ba, kunya ba zata barshi ba, Yaya ya kira.

Bayan isha Yaya ya aiko in zo. Na sameshi a zaure shi kaɗai a kan darduma. Yace "nawa ne?" Nace "Yaya bai fi dubu 150 ba." Ya dubeni ya ƙwala wa ɗanshi kira yace ya kawo littafin makaranta da biro. Ya ja layi huɗu da hannunshi, sunan wajen, abun da ya shigo hannuna, abun da suke nema yau, da ranar biya. Yace "buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka karanto min, kar ka tsallake ko ɗaya." Ina karantowa yana rubutawa, muryata tana rawa, 78,000, 52,000, 41,000, 34,500, 29,000, 22,000, 18,500. Manhaja bakwai, naira 275,000, alhali abun da ya shigo hannuna a cikinsu 188,000 ne. Yace "mutane fa?" Mai POS na bakin layi dubu 25, mai shago dubu 17, abokin aikina dubu 20. Na yi shiru. Yace "saura." Nace kuɗin adashin maman yara dubu 30. Ya haɗa, naira 367,000, sama da albashina na wata takwas. Wallahi har ga Allah ni kaina sai a daren na san adadin.

Yace "caca ce ko mace?" Nace "caca ce Yaya." Ya daɗe bai yi magana ba. Can yace in tuna Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam an kawo mishi gawa yaƙi yi mata sallah saboda bashi sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Sannan yace "da a Yuli ka zo min, dubu 28 ce matsalarka." Wannan maganar tafi zagi yi min ciwo. Kuka na yi sosai a gabanshi kamar yaro, bai hanani ba, da na gama yace in je in gaya wa matata komai a daren kafin taji a bakin gidansu, gobe da safe kuma mu haɗu a banki.

Na gaya mata. Tana shayar da yaro ta saurara har ƙarshe, abun da tace kawai "Malam da ka gaya min ai da 'yan kunnena na bayar tun abun yana ƙarami." Kwana uku bata min wata doguwar magana ba kuma ban ga laifinta ba.

Da safe a banki na sa aka toshe katin ATM ɗin aka bani sabo. Ba dan in gudu da kuɗin kowa ba, dan duk manhajojin suna da lambar tsohon katin, kuɗi na shigowa suke zara ko da tsakar dare, ba zaka taɓa iya tsara wa zaka fara biya ba. Daga nan muka zauna wajen wani abokin Yaya da ya san harkar waya, yace kar in goge komai tukuna, muka ɗauki hoton duk shafin da yake nuna nawa aka bani nawa ake nema, da saƙonnin zagin, da hoton nan mai jan rubutu da mutane suka turo min, muka tura imel ɗina, sannan aka cire musu izinin shiga lambobi. Lambobin da suka riga suka kwasa dai sun kwasa.

Sai abu na gaba da Yaya ya tilasta min, in rubuta saƙo da kaina in tura wa duk wanda yake wayata. Gajere ne, nace gaskiya ne na ci bashi a manhajojin waya na kasa biya a kan lokaci, ban sa sunan kowa a matsayin mai tsaya min ba, babu wanda ake bi ko kwabo sai ni, ina kan biya, ina neman afuwar damun da aka yi musu. Hannuna ya daɗe a kan madannin kafin in tura. Amma tunda na tura sai barazanar ta rage ƙarfi, dan duk abun da suke riƙe dani dashi shine zasu tona min asiri, to ga shi na faɗa da bakina. Mutum uku suka kirani a ɓoye a satin suna tambayar yanda zasu yi da nasu, ɗaya ma dattijo ne da nake ganin girmanshi.

Mashin ɗina na sayar dubu 190. Wayar na kai Farm Centre aka saya dubu 48, na sayi 'yar ƙarama mai madannai ta dubu 8, wadda ko na so ba zata buɗe shafin caca ba, kuma da gangan Yaya ya zaɓi hakan. Shi kuma ya ranta min dubu 50 babu ƙarin ko sisi, amma sai da aka rubuta a takarda da shaidu biyu, yace ayar da tafi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, dan haka babu zancen 'yan uwantaka a nan. Dubu 280 ta haɗu.

Ni so na yi in fara da masu zagin dan su ƙyaleni. Yaya yace a'a, mutane tukuna, kuma matarka ce farko dan ita amana ka ci. Na kai mata dubu 30 ɗinta a hannu, na biya mai POS da mai shago da abokin aikina, dubu 92 ta tafi, saura 188.

Ciniki da manhajojin shine ya ɗauki kusan sati uku, da wayar abokin Yaya muke yi da daddare. A shafin hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, akwai jerin kamfanonin bashin waya da ta yi wa rijista, muka duba, biyu ne kawai cikin bakwai ɗina suke ciki. Su biyun suna da imel da ofis, na rubuta musu na bayyana halin da nake ciki na roƙi a yafe min tarar latti, basu amsa da wuri ba amma sun amsa. Mai 52,000 ta karɓi dubu 45 a dunƙule, mai 78,000 ta yarda da dubu 66 kashi uku. Su biyar ɗin na linki kuwa babu adireshi babu komai sai masu kira. Duk wanda ya kira abu ɗaya nake maimaita mishi, ga abun da kuka bani, shi zan biya da ɗan abun da ya sawwaƙa a kai, ku rubuto min kun yarda kuma zaku rufe. Zasu zageni su kashe, gobe wani ya kira da wani farashin. Na rubuta koke zuwa FCCPC na haɗa da hotunan nan, dan hukumar ta taɓa kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanonin a Ikeja ta Legas a Maris 2022, kuma a Yunin 2023 an sa hannu a dokar kare bayanan mutane da ta hana a ɗauki bayananka a yi abun da baka yarda ba dasu. Shaidar tura koken nake tura wa duk wanda ya fara barazana, wasu basu damu ba, amma biyu sun sauko a take.

Kuskure ɗaya na yi anan da nake so kowa ya kiyaye. Wani daga cikinsu ya yi min magana mai daɗi yace in tura dubu 8 a wani akawun zai rufe min fayil, na tura, akawun ɗin sunan mutum ne ba na kamfani ba, a manhajar ko kwabo bai ragu ba, lambar kuma ta daina shiga. Daga ranar bana biya sai a lambar akawun da take cikin manhajar, in biya in ɗauki hoton risit in jira shafin ya nuna an biya sannan in goge ta. Su biyar ɗin da suke neman dubu 145 sun ci min dubu 103 har da takwas ɗin da ta salwanta. Na bada kashin farko na dubu 22, dubu 18 ta rage mana ta abinci da kuɗin adaidaita.

Na je wajen malaminmu na karatun dare na tambayeshi hukuncin ribar da na biya da wadda ta rage. Yace in tuba da gaske, in yi iya ƙoƙarina in tsaya a uwar kuɗi, inda suka ƙi kuma babu yanda zanyi in biya in rabu dasu kar in ƙara kwana a ciki, ya koya min addu'ar neman tsari daga baƙin ciki da nauyin bashi da rinjayen mazaje yace in riƙe ta safe da yamma. Gidan surukina kuma Yaya ne ya rakani, na durƙusa na bada haƙuri, dattijon yace "Allah Ya kiyaye gaba, bashi hanji ne" ya canza zance ya tambayi jikin yaro. Gidan da nake lesin sun sallameni, ban yi musu gardama ba. Makaranta ta barni da aikina bayan hedimasta ya tsaya min.

Watannin da suka biyo sun yi tsauri, lokacin ne buhun shinkafa ya haura dubu 70. Rabin hanya nake takawa a ƙafa in hau adaidaita a sauran, ranar Asabar in aka fara wasa ina jin ihun gidan kallo daga ɗaki zuciyata tana raya min abubuwa, sai in ɗauki yaron in fita dashi bayan layi har a tashi. Kashi na biyu na biya a Janairu, na uku a Fabrairun 2024, na nemi su bani takardar shaidar na gama suka turo ta imel. Abokin Yaya ya nuna min yanda ake neman rahoton bashi a wajen kamfanonin da Babban Banki ya ba lasisin ajiye tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral, doka ta baka damar karɓa kyauta sau ɗaya a shekara. Na karɓa, bashin biyun suna ciki an rubuta an rufe, amma lattin da na yi yana nan a rubuce.

Na Yaya kuma dubu 10 duk wata na fara kai mishi daga Maris, cikin azumi. Duk zuwa sai ya ɗauko takardar daga cikin littafin nan ya rubuta kwanan wata ya sa in sa hannu. Ta ƙarshe na kai a ƙarshen Yuli, yaron ya cika shekara da 'yan kwanaki ya fara tsayuwa yana dafa bango. Yaya ya kira shaidun nan biyu aka ƙirga a gabansu, ya ja layi a kan takardar ya miƙo min da littafin gaba ɗaya yace in tafi dashi. Yana cikin akwatin kayana. Mashin har yau ban mayar ba, na shiga adashin malaman makarantarmu na dubu 10 duk wata, ni ne na tara a layi.